Bencin Baya: Me Ikilisiya Ke Yi da Ɗan'uwan da Ya Faɗi?

A yawancin ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Gombe zuwa Numan, har can Maraɗi, akwai wata sanarwa da in aka zo kanta majami'a takan yi tsit. An gama karanta yawan baikon makon jiya, an faɗi ranar taron Zumuntar Mata, sai sakatare ko fasto ya gyara murya ya ce majalisar dattawa ta zauna, ta sa wane ko wance a ƙarƙashin horo. Daga ranar ba zai ci Jibin Ubangiji ba. In yana cikin ƙungiyar mawaƙa zai ajiye riga, in yana koyar da yara a makarantar Lahadi zai sauka. A wurare da dama akwai benci can baya kusa da ƙofa inda zai riƙa zama har wa'adinsa ya cika, wata uku ne, shida ne, ko shekara guda.

Duk wanda ya daɗe yana zuwa sujada ya san wadda ta fi zama a kan wannan benci. Budurwa ce da ta yi ciki ba aure. Ba wai ta fi kowa zunubi ba ne, nata ne dai ba ya ɓoyuwa. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa yana wata ikilisiya, ko ya koma makaranta, ko ya musa aka ƙyale shi. A Lahadin nan kuma, a layin gaba, ana iya samun wanda ya danne gonar matar ƙanensa bayan rasuwar mijinta, da wanda ya riƙe albashin ma'aikatansa wata da watanni, da wanda duk unguwa ta san yana dukan matarsa. Ba a taɓa kiran sunansu ba. Wani lokaci ma da su aka zauna aka yanke wa yarinyar hukunci.

Ba ina cewa a soke horo ba ne. Ikilisiyar da ba ta iya ce wa ɗanta ya yi laifi ta zama ƙungiyar zumunci kawai. Abin da nake gani shi ne mun saba da hanyoyi biyu: mu tona asirin marar ƙarfi, mu rufa wa mai ƙarfi. Dukansu kuma gudun abu ɗaya ne, wato ka taka da ƙafarka ka je wurin ɗan'uwanka, ka dubi idonsa ka faɗa masa gaskiya domin kana so ya dawo.

Inda jerin laifuffukan ya samo asali

Horon da muke gani yau gado ne. 'Yan mishan na SIM sun sauka Legas a 1893, na SUM suka kafa zango a Wase a 1904, 'yan ƙasar Denmak suka isa Numan a 1913, 'yan Ikilisiyar 'Yan'uwa daga Amurka suka fara aiki a Garkida a 1923. Daga waɗannan ne aka samu ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, da COCIN, da LCCN, da EYN. Sun tarar da ƙananan rukunan sababbin masu bi a tsakiyar jama'ar da ke bin addinin gargajiya, babbar damuwarsu kuma ita ce a ga bambanci a fili tsakanin wanda ya tuba da wanda bai tuba ba. Don haka aka fi sa ido a kan abin da ido ke iya gani: shan burkutu, komawa wurin tsafi, zina, da ƙara mata ta biyu.

Batun mace fiye da ɗaya ya nuna yadda irin wannan doka kan yi tsauri sannan ta yi laushi. Taron bishof-bishof na Anglikan a Lambeth, a Ingila, ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba muddin yana tare da su. Shekara 100 cif bayan haka, a 1988, taron ya sassauta, ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da matansa da 'ya'yansa da suka ba da gaskiya, bisa sharaɗin ba zai ƙara wata ba. A tsakanin shekarun nan, Allah kaɗai ya san matan da aka kora da goyo domin miji ya samu shiga ruwa.

Ba laifin mishan kaɗai ba ne. Sun tafi da daɗewa, jerin yana hannunmu, kuma mu ne ba mu ƙara masa cin amana da zalunci da ƙabilanci ba, ko da yake Manzo Bulus ya jera mai haɗama da mai zage-zage da mazambaci a layi ɗaya da fasiƙi a sura ta 5 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa.

Matakin da ake tsallakewa

Kusan kowane fasto zai ce maka tushen horo shi ne Matiyu sura 18, aya 15 zuwa 17. Can ne Yesu ya shimfiɗa yadda za a bi da ɗan'uwan da ya yi laifi. Da fari ka same shi kai kaɗai. In ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi jin waɗannan, sannan a kai wa ikilisiya. In ikilisiyar ma ya ƙi saurarenta, a ɗauke shi kamar wanda ba ya ciki.

A aikace, mu daga na uku muke farawa. Kafin wanda ya yi laifin ya ji daga bakin wanda ya ɓata wa, matar fasto ta ji, shugabar Zumunta ta ji, an tattauna a rukunin WhatsApp na matasa. Akwai ma wata gulma mai sanye da rigar ibada, wadda ake kawowa a taron addu'a: a sa 'yar'uwa wance cikin addu'a, don abin da ake gani a gidanta kwanan nan sai dai Allah ya kyauta. Kowa ya sunkuyar da kai, labari kuwa ya riga ya bazu.

Me ya sa zuwa kai tsaye ke mana wuya? Wani ɓangare tarbiyyarmu ce. An rene mu da kunya da kara. Yaro ba ya duban idon babba ya ce masa ya yi kuskure, suruki ba ya fuskantar suruki, ko tsakanin tsara ma an fi son a aika wani ya je ya yi magana. Wannan al'ada tana da kyawunta, ta hana faɗa da yawa, kuma ba na jin koyarwar Yesu ta hana matashi ya nemi dattijo mai riƙon amana ya raka shi wurin wanda ya girme shi. Amma akwai bambanci tsakanin neman mai rakiya da neman masu sauraro. Na farko yana taƙaita maganar ne ga waɗanda za su iya gyara ta. Na biyu yana tara wa kansa magoya baya tun kafin ɗaya ɓangaren ya buɗe baki.

Hikimar farawa a keɓe ba ta da wuyar gani. Wataƙila abin da ka ji ba haka yake ba. Kuɗin da ake cewa ma'aji ya ci, mai yiwuwa fasto ne ya ce a ba wani marar lafiya ba a rubuta ba. In ka same shi kai kaɗai zai nuna maka, magana ta mutu a nan, mutuncinsa yana nan. In kuma ya yi laifin, mutum ya fi saurin cewa na yi kuskure a gaban mutum ɗaya fiye da gaban ɗari biyu. Da zarar an kunyata shi a bainar jama'a, abin da zai kare ba gaskiya ba ce, sunansa ne da na gidansu, danginsa kuma za su tsaya masa ko da sun san bai da gaskiya. Ikilisiyoyi nawa ne suka rabe biyu a kan maganar da mutum biyu za su iya kashewa a zaure?

Su ma mutum ɗaya ko biyun nan da ake komawa da su shaidu ne, ba 'yan rakiyar mai ƙara ba. Ƙa'idar ta fito ne daga Maimaitawar Shari'a sura 19, inda aka hana kama mutum da laifi a kan bakin mutum ɗaya, aka kuma tanadi hukunci ga mai shaidar zur. Ke nan suna kare wanda ake zargi kamar yadda suke taimakon mai zargin. Suna iya saurara, su juyo su ce wa wanda ya kawo su, kai ne ba ka kyauta ba.

Sai a lura da abin da ke kewaye da waɗannan ayoyi. Kafinsu akwai misalin makiyayin da ya bar tumaki 99 ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata. Bayansu akwai tambayar Bitrus a kan sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, da misalin bawan da aka yafe wa bashi mai tarin yawa amma ya shaƙe abokin bautarsa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ciro matakan horo daga tsakiyar waɗannan ya mai da su dokar kora, bai karanta surar ba. Ko mataki na ƙarshe, inda aka ce a ɗauki mai taurin kai kamar mai karɓar haraji, yana cikin littafin da ke ɗauke da sunan wani mai karɓar haraji da Yesu ya kira daga bakin aikinsa.

Bulus ya ƙara wani sharaɗi a farkon sura ta 6 ta Galatiyawa, cewa mai gyaran ya yi shi da tawali'u, yana lura da kansa, don shi ma bai fi ƙarfin jaraba ba. Hausawa sun riga sun faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In ka ji zuciyarka tana ɗokin zuwa faɗa wa mutum laifinsa, in kana jin daɗin abin, to ba ranar zuwanka ba ce. Kuma ba kowane abu ne ake kai wa ƙara ba. Wanda ya wuce bai gaishe ka ba, wadda ta yi maka magana da zafi ranar da ɗanta ba shi da lafiya, waɗannan a bar su su wuce. Zama tare ya gaji haka.

In mai laifin babba ne

A nan ne ake gane ko horon ikilisiya na Allah ne ko na mutane. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta yi tir da jama'ar da ke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti, sura ta 5, ta ba dattijon ikilisiya kariya, cewa kada a karɓi ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku. Amma nan take ta ce wanda aka tabbatar yana zunubi a tsauta masa a gaban kowa, kada kuma a yi tara. Mu mun haddace rabin farko. Da an taɓa shugaba sai a tuna mana kada a taɓa shafaffe na Ubangiji, alhali Dawuda, wanda aka fi danganta maganar da shi, shafaffe ne lokacin da annabi Natan ya shiga fadarsa ya kama shi da laifin ƙwace matar Uriya da sa a kashe shi a bakin daga.

Tarihin ikilisiya yana da irin wannan. A shekara ta 390, bayan wata tarzoma a birnin Tasalonika da aka kashe babban hafsan soja, sojojin Sarki Tiyodosiyus na Rum suka far wa mutanen gari, suka kashe dubbai, mai laifi da marar laifi. Sarkin Kirista ne, yana kuma sujada a Milan, inda Ambros yake bishof. Abin da Ambros ya fara yi shi ne rubuta masa wasiƙa da hannunsa, domin sarkin kaɗai ya karanta. Ya tuna masa labarin Dawuda da Natan, ya gaya masa ba zai iya miƙa Jibin Ubangiji yana wurin ba sai ya tuba. Tiyodosiyus ya yi tuban a fili, aka karɓe shi a Kirsimetin shekarar. Bishof ɗin bai fara da tozarta shi ba, bai kuma yi kamar bai gani ba don sarki ne ke riƙe da ikilisiya.

Akwai inda tsautawar kan zama a fili tun farko. Bulus ya ba da labari a Galatiyawa sura 2 yadda ya tsaya wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, domin Bitrus ya daina cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba da ya ga baƙi sun zo daga Urushalima, har Barnaba ya bi sahunsa. Laifin shugaba ne, an yi shi a idon kowa, yana kuma jan wasu. Ya kamata ikilisiyoyinmu su daɗe a kan wannan labari, domin laifin da aka tsauta wa Bitrus a kai wariya ce ta asali. Nawa ne aka taɓa sa wa horo don ya ce ba za a kawo musu faston da ba ɗan yarensu ba?

Iyakar rufin asiri

Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, har addu'a muke yi da shi. Amma akwai laifin da rufe shi zalunci ne na biyu a kan wanda aka cuta.

John Smyth babban lauya ne a Ingila, yana kuma jagorantar sansanonin bishara na 'yan makaranta. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya riƙa kai samari wata rumfa a gidansa da ke Winchester yana yi musu bulala har jini ya zuba, da sunan horon zunubi. A 1982 wani rahoto na cikin gida ya bayyana wa shugabannin ƙungiyar da ke shirya sansanonin abin da ke faruwa. Ba su kai wa 'yan sanda ba. Sun ji tsoron abin zai ɓata sunan aikin Allah. A 1984 Smyth ya koma Zimbabuwe, ya buɗe wasu sansanonin, ya ci gaba da abin da ya saba. A 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a wurin ninƙaya na ɗaya daga cikin sansanoninsa, shari'ar da aka fara kuma ba ta kai ko'ina ba. Daga baya ya koma Afirka ta Kudu, inda ya mutu a 2018 ba tare da kotu ta hukunta shi ba. Binciken da Keith Makin ya jagoranta, wanda ya fito a Nuwamba 2024, ya nuna waɗanda ya cuta sun haura 100. Kwanaki kaɗan bayan fitowarsa Justin Welby, Akbishof na Kantabari, ya sanar da murabus, domin an sanar da shi batun tun 2013 bai bi diddigi yadda ya kamata ba.

Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne inda aka tura matsalar. An rufa wa mutum ɗaya asiri a Ingila, yaran Afirka suka biya. Haka cocin Katolika a Boston ya riƙa sauya wa limaman da ake zargi da lalata yara wurin aiki, har jaridar Boston Globe ta tona a 2002, Kadinal Bernard Law ya sauka a Disambar shekarar. Kada mu ce wannan na Turawa ne. Mu ma mun san abin da ake nufi in an ce an yi wa wani ma'aikaci canjin wuri ba zato, daga birni zuwa wani ƙauye mai nisa, ba wanda ya gaya wa mutanen ƙauyen dalili.

Matakan Matiyu 18 an yi su ne don 'yan'uwa biyu da za su iya zama su dubi juna. Ba a ce wa yarinya 'yar shekara 12 ta je ta sami wanda ya lalata ta ita kaɗai ba. Surar da kanta, a aya ta 6, ta yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙanana tuntuɓe. Fyaɗe da lalata yara da dukan da ke jikkata mace laifuffuka ne a dokar ƙasa. Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, baya ga kundin hukunta laifuffuka da jihohin Arewa ke aiki da shi. Akan kawo hujja da sura ta 6 ta Korintiyawa ta fari, inda Bulus ya tsawata wa masu kai juna kotu, amma can yana magana ne a kan rigingimun yau da kullum da 'yan'uwa za su iya sasantawa. Shi ne kuma ya rubuta a Romawa 13 cewa hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta. Majalisar dattawa ba ta da asibiti, ba ta da masu bincike, ba ta da gidan yari. Aikinta a irin wannan hali shi ne ta kai yarinyar asibiti da gaggawa, ta kai rahoto, ta raba mutumin da yara, sannan ta ci gaba da kula da ransa ko da yana tsare.

Sai batun gafara, wanda ake yawan juya shi ya zama sanda a kan wanda aka zalunta. A tara iyaye a ofishin fasto, mai laifi ya durƙusa ya yi hawaye, a juya ga uwar yarinya a ce, Mama, ai ke mai bi ce, ki yafe, kada a ji a waje. In ta yi jinkiri ita ce ta zama mai taurin zuciya. Gafara wajibi ce ga mai bi, ba musu, amma ba dattawa ne ke sa mata rana ba, kuma ba ta share alhaki. Tuban da ke da gaskiya yana zuwa da biyan abin da aka ci. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. A farkawar da ta tashi daga Gahini a Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu zuwa Yuganda da Kenya, an san waɗanda suka tuba da mayar da kuɗi da kayan da suka sata ga masu su. Wanda ya ci gonar gwauruwa ya zo yana kuka a gaban ikilisiya, tambayar farko ita ce, gonar fa?

Hanyar dawowa

A Korinti an samu mutumin da yake zaune da matar ubansa, ikilisiya kuma ta zuba ido. Bulus ya ce a fitar da shi. Amma a wasiƙarsa ta biyu, sura ta 2, ga shi yana roƙon su a kan wani da suka hora, cewa hukuncin ya isa haka, su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Masana sun saɓa a kan ko mutum ɗaya ne, amma darasin bai canja ba: ikilisiya ɗaya ta iya yin sakaci, ta kuma iya wuce gona da iri.

Kiristocin Afirka ta Arewa sun sha wannan muhawara da zafinta. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa a daular Rum ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. A Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, masu bi da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da cin hanci. Da ƙura ta lafa suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wasu suka ce a shigar da su nan take. A Roma, Nobatiyan da mutanensa suka ce ikilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi musun Ubangijinsa. Bishof Sifiriyan ya tara majalisa a 251, aka yanke a duba kowa bisa nauyin abin da ya yi: masu sayen takarda a karɓe su bayan sun nuna tuba, waɗanda suka yi hadayar kuwa su ci gaba da tuba, a karɓe su in mutuwa ta gabato. Ba a daɗe ba, da aka ga alamun wata tsanantawar, aka buɗe ƙofa ga duk mai tuba, a kan cewa ba a tura mutum fagen wahala an hana shi teburin da zai ba shi ƙarfi. Shi Sifiriyan ɗin, wanda ya ɓuya a lokacin Desiyus har wasu suka zarge shi, an fille masa kai a 258.

Wannan ba tsohon labari ba ne ga ikilisiyoyin Borno da Adamawa da Yobe. A Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi. An tilasta wa mutane da yawa barin addininsu da bakin bindiga, an aurar da mata dole, wasu sun dawo da goyo. Wani rahoto da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna irin ƙyamar da matan da suka kuɓuta da 'ya'yansu ke fuskanta a cikin al'ummominsu. Waɗannan ba masu laifi ba ne, an yi musu laifi ne, kuma ikilisiyar da ba ta iya bambance tsakanin wanda ya faɗi da wanda aka kayar ba ta da hurumin hora kowa.

Ga wanda ya faɗi da gaske kuwa, lokacin horo shi ne lokacin da ya fi bukatar ziyara, amma shi ne lokacin da ƙafa ke ɗaukewa daga gidansa. Kamata ya yi ranar da aka sanar da horo a sanar da dattijo ko uwa a Zumunta da za ta riƙa zuwa wurinsa kowane mako. Yarinyar da ta yi ciki tana bukatar wadda za ta raka ta awo, da wanda zai yi magana da mahaifinta kada ya kore ta, da wanda zai bi sawun saurayin har ikilisiyarsa. In ba haka ba, kafin wa'adi ya cika ta koma wata majami'a inda ba a san ta ba, ko ta daina zuwa ko'ina. Ranar dawowa kuma a yi ta da murya irin wadda aka yi sanarwar horo da ita, ba a tsakanin sanarwar kuɗin gini da ta share harabar coci ba.

Dawowa cikin zumunci dabam, dawowa kan muƙami dabam. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku aka kuma danƙa masa kiwon tumaki, Markus da ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya zama mai amfani ga Bulus a ƙarshen rayuwarsa, saboda haka ba a rufe wa kowa ƙofar hidima har abada don kawai ya taɓa faɗuwa. Amma amana aba ce da ake sake ginawa a hankali, kuma akwai ayyukan da hikima ta ce kada a mayar wa mutum. Wanda ya taɓa lalata yaro, ko ya gama zaman gidan yari ya tuba, ba ya sake koyar da makarantar Lahadi ko kwana a sansanin matasa. Ma'ajin da ya ci kuɗin baiko, in ya amsa laifinsa ya fara biya, a karɓe shi a teburin Ubangiji tare da kowa. Littafin banki dai ya koma hannun wani, ƙirgar baiko ta zama ta mutum uku a gaban juna, a kuma riƙa karanta wa ikilisiya lissafin shiga da fita kowane wata.